MUSSA MAI GADIN RUMBU DA KUKANTA NA DARE

A ƙauyukan Urno, cikin gundumar Madawa, da zarar kaka ta yi, an ɗaure damman hatsi an shigar da su rumbu, akwai wata ma'aikaciya da take kama aiki ba tare da kowa ya ɗauke ta ba. Ba a sa ta cikin ƙidayar bisashe, ba a kai ta kasuwa, kuma ba a taɓa jin wanda ya biya mata jangali ba. Ita ce mussa, wadda mutanen gabas suke kira kyanwa ko mage. Haka abin yake a ƙasar Buza da ta Keita, inda manyan rufewoyin laka suke zaune bisa duwatsu, kusa kuwa suna neman ƙofa dare da rana. Masana sun tabbatar da cewa mussar gida jikar mussar daji ce ta Afirka, kuma rumbun manomi ne ya jawo ta kusa da mutum tun dubban shekaru da suka wuce: inda hatsi yake nan kusu yake, inda kusu yake nan mussa take. Tsofaffi ba su manta da shekarun 1975 da 1976 ba, sa'ad da kusa suka yi yawa a ƙasashen Sahel bayan babban fari, har suna tone iri a gona. Mussa ba ta iya tsare gona, amma ɗaki da gindin rumbu nata ne.

Duk da wannan amfani, ranar da mussa ta fara wani irin kuka mai tsawo cikin dare, kamar na jinjiri, sai gida ya rikice. Wani ya ce aljanu ne suka shige ta, balle in baƙa ce. Wani ya ce hauka ce. Yara su bi ta da jifa, uwar gida ta kore ta da muciya, mai gida kuma ya yi tunanin sa ta cikin buhu ya kai ta bayan gari. Alhali kuwa mafi yawan lokaci lafiyarta lau: muzuru take nema, kamar yadda akuya take neman bunsuru idan lokacinta ya yi.

Yadda lokacin yake zuwa

Mussa tana balaga da wuri ƙwarai. Galibi tsakanin wata 5 da wata 9 take fara neman barbara, wata ma tun tana wata 4, jikinta bai gama ƙosawa ba. Alamun ba su da wuyar ganewa ga mai lura. Ban da kukan, takan yi ta goga kai da wuya a ƙafafun mutane da turakun gida, tana birgima a ƙasa. In an shafa bayanta sai ta kwantar da ƙirji, ta ɗaga ƙugu, ta karkatar da wutsiya gefe guda, tana taka ƙasa da ƙafafun baya. Cinta yakan ragu, kuma ko ƙofa a rufe take sai ta nemi taga. Abu guda da ya kamata a riƙe shi ne, mussa ba ta zubar da jini a wannan lokaci kamar yadda karya take yi. Jini ko wani ruwa daga bayanta alamar ciwo ce.

Wannan hali yakan ɗauki kamar mako guda. Idan ba ta sadu da muzuru ba sai ya lafa, amma ba ya tafiya da nisa, domin bayan mako 2 ko 3 zai dawo. Dalili kuwa shi ne, jikin mussa galibi ba ya sakin ƙwan haihuwa sai an yi barbara. Muddin ba a yi ba, jikin yana ta maimaita kira. In kuwa an yi, da wuya a ce ciki bai shiga ba. Kuma tun da yake takan sadu da muzurai da dama cikin mako guda, sai a ga ƴaƴan ciki ɗaya kowane da launinsa, domin uba ba ɗaya ba ne.

Tsawon yini ne yake tayar da abin. A ƙasashen Turai, inda yinin Faris yake kai awa 16 a watan Yuni ya koma awa 8 a watan Disamba, mussa tana samun hutu na ƴan watanni lokacin hunturu. A ƙasar Madawa kuwa bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa 2 ba, saboda haka hutun kaɗan ne, wani lokaci ma babu. Fitilar lantarki ko ta hasken rana da take kwana a kunne cikin ɗaki ita ma tana ƙara wa mussa tsawon yini.

Ciki yana ɗaukar kwana 63 zuwa 67, watau wata 2 da ƴan kwanaki. Takan haifi 3 zuwa 5. Ƴan makonni bayan yaye, wani lokaci ma tana cikin shayarwa, sai kukan ya dawo. Lissafin mai sauƙi ne ga duk wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci: haihuwa 2 a shekara, ƴaƴa 4 kowace haihuwa, 8 ke nan; cikin shekara 5 mussa guda ta haifi 40, ban da abin da ƴaƴanta mata suka haifa. Babu garin da yake buƙatar wannan adadi, kuma mafi yawansu ba sa rayuwa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004, a kan mussoshin da suke yawo ba mai su a jihar Karolina ta Arewa, ya nuna cewa 75 cikin 100 na ƴaƴan sun mutu ko sun ɓace kafin su cika wata 6. Uwar ce take biyan kuɗin wannan asara da naman jikinta.

Abin da yake cin uwar

Mussar da take haihuwa a kai a kai an san ta da gani: ƙasusuwan baya a waje, gashi ya yamutse, nono ya saki. Mai shayarwa tana buƙatar abinci ninki 2 ko 3 na abin da ta saba ci, ita kuwa mussa maciyar nama ce ta asali, sauran tuwo da fura ba sa riƙe ta. Akwai masu cewa in an ciyar da mussa sai ta daina kamun kusu. Wannan kuskure ne, domin farauta halinta ce, ko a ƙoshe take sai ta yi. Wadda yunwa ta raunana ita ce take barin gindin rumbu ta koma satar kifi da ƴan tsaki, daga nan ta zama abokiyar gaba. Ɗan kayan ciki daga wurin mahauta, da kan busasshen kifi, da ruwa mai tsabta kullum, sun isa su canza kamanninta. Sai dai a nan ƙasar albasa akwai wani tarko da mutane da yawa ba su sani ba: albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, har da gabu da ake sawa a miya, suna lalata jinin mussa. Wadda ake zuba wa sauran miya kullum tana iya ramewa, dasashinta ya yi fari, ba wanda ya san dalili.

Ciwo mafi gaggawa ga mussar da ba a yi wa fiɗa ba shi ne taruwar mugunya cikin mahaifa. Yakan zo ne cikin makonnin da suke bin lokacin barbara, sa'ad da bangon mahaifa ya yi kauri, ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama. In bakin mahaifa a buɗe yake, ana ganin ruwa mai wari, rawaya ko mai jini-jini, ko da yake mussa mai yawan lasar jiki ce, takan share shi kafin a gani. In kuwa a rufe yake, babu abin da yake fitowa. Ciki ne kawai yake kumbura har a ɗauka juna biyu ne, ita kuwa ta daina ci, ta yi ta shan ruwa, ta nemi lungu ta kwanta, wani lokaci da amai. Mahaifar tana iya fashewa cikin ciki, ko dafin ya shiga jini ya kashe ta cikin ƴan kwanaki. Maganinsa na sosai shi ne likitan dabbobi ya cire mahaifar. Jiƙo da turare ba sa kai wa gare shi.

Na biyu shi ne ƙari a nono, wanda yake bayyana ga manya. Wannan ya fi tsanani ga mussa bisa ga karya, domin fiye da 8 cikin 10 na irin waɗannan ƙararraki ciwon daji ne mai yaɗuwa zuwa huhu. Likitocin dabbobi na jami'ar Fensilbaniya ta Amurka sun buga sakamakon bincikensu a 2005: mussar da aka yi wa fiɗa kafin wata 6, haɗarin wannan ciwo ya ragu da 91 cikin 100, wadda aka yi wa kafin shekara guda, ya ragu da 86 cikin 100. Bayan shekara 2 ribar ta wannan fanni ta wuce. Wannan ya rushe maganar da ake yi cewa sai mussa ta haihu sau ɗaya kafin a taɓa ta. Mai mussa yana iya shafa cikinta sau ɗaya a wata, daga hammata zuwa cinya. Duk wani ƙullutu, ko da bai fi ƙwayar wake ba, abin nuna wa ma'aikacin kiwo ne.

Haihuwar kanta galibi tana zuwa da sauƙi, ba ta son kome sai wuri mai duhu da tsumma, nesa da yara da karnuka. Amma idan ta yi kusan awa guda tana nishi mai ƙarfi ba abin da ya fito, ko ɗa ya maƙale, to, abin ya fi ƙarfin gida. Ƙananan da suka ɗauki ciki tun ba su ƙosa ba su ne suka fi shiga wannan wahala.

Inda lafiyar mutane ta shigo

Mussar da take neman barbara tana tara muzuran unguwa da na daji, su kwana suna faɗa bisa katanga. Cizo yana kawo ƙuraje masu mugunya da cututtukan da suke bin jinin mussoshi su kaɗai. Amma akwai wanda yake tsallakowa zuwa ga mutum, watau ciwon haukar kare. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kare ne yake kawo kusan duka, amma mussar da mahaukacin kare ko dila ya ciza ita ma tana ɗauka, ta kawo shi har cikin ɗaki.

Saboda haka wajibi ne a san bambancin kukan biyu. Mai neman muzuru ta san mutanen gidanta, tana neman a shafa ta, tana shan ruwa, bayan mako guda kuma ta koma yadda take. Mai hauka kuwa halinta yakan juye farat ɗaya: ta kai cizo da yakushi ba dalili, yawu yana dalala, ƙafafun baya su shanye, ta mutu cikin kwana 10 da fara alamun. Duk wanda mussa ta ciza ko ta yakusa, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan a tafi likita ran nan, ba gobe ba. In hali ya yi, a tsare dabbar a sa mata ido aƙalla kwana 10, a sanar da ma'aikatan kiwo. Tun ran 6 ga Yuli 1885 da Luwi Fastor ya yi wa wani yaro allurar farko a Faris aka san cewa ana tsira in an yi sauri. In alamun suka bayyana ga mutum, babu sauran magani. Ita ma mussa ana yi mata allurar rigakafin wannan ciwo tun tana wata 3.

Akwai kuma wata ƙwayar cuta da ake kira tokzofilasma, wadda aka gano a Tunis a 1908, aka kuma tabbatar a 1970 cewa cikin hanjin mussa take hayayyafa. Ƙananan mussoshi da suka fara cin kusu su ne suka fi zubar da ita cikin kashinsu, na mako 1 zuwa 3. Mace mai ciki da ta kamu da ita karon farko tana iya yin ɓari, ko ta haifi ɗa mai lahani a ido ko a ƙwaƙwalwa. Haka nan tumaki da awaki suna ɓari idan kashin ya gauraya da dussa ko harawa. Ke nan gidan da kullum yake cike da sababbin ƴaƴan mussa ya fi zama cikin haɗari bisa ga gidan da yake da babbar mussa guda. Kashin ba ya harbi sai ya kwana 1 zuwa 5, don haka kwashe shi kullum yana da amfani, amma ba mai ciki ce za ta yi wannan aiki ba. A rufe buhun dussa da bakin randa, a wanke hannu da ganye, a dafa nama sosai.

Magungunan da suke kashewa

Wanda kukan dare ya hana barci yakan nemi mafita wurin mai tallar ƙwayoyi ranar kasuwa, a nan ne kuma garin neman gira ake rasa ido. Ƙwayar farasitamol guda, wadda ake ba mutum don ciwon kai, ta isa ta kashe mussa, domin hantarta ba ta iya sarrafa ta: fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, numfashi ya gagara. Maganin kaska na shanu da na feshin wake, musamman mai farmetirin, in an shafa mata don ƙuma, yana sa ta makyarkyata da farfaɗiya. Kusun da ya ci guba shi ma guba ne gare ta, don haka ba a haɗa mussa da maganin kusu a rumbu ɗaya.

Wasu kuma, da jin cewa akwai allurar tazarar haihuwa ta mata ta wata 3, sai su nemi a yi wa mussa. Gaskiya ne irin wannan sinadari yana tsayar da kukan, kuma likitocin dabbobi suna da irinsa da suke amfani da shi na ɗan lokaci, bisa awo. Amma shi ne kuma yake buɗe ƙofa ga cututtukan nan da ake gudu: mugunyar mahaifa, kumburin nono da ƙari, har da ciwon sukari. Awon da aka yi don mace mai kilo 60 ba na dabba mai kilo 3 ba ne. In kuma aka yi wa mai ciki, haihuwar tana iya gagara, ƴaƴan su mutu a ciki.

Abin da ya rage a hannu

Magani mai ɗorewa guda ne: aikin fiɗa, inda likitan dabbobi yake sa mussa barci ya cire mazaunin ƙwai, galibi tare da mahaifa. Aikin bai cika wuce rabin awa ba, ɗinkin kuma yana warkewa cikin kwana 10 zuwa 14. Daga ranar babu kuka, babu ciki, babu tara muzurai, ita kuwa tana nan tana kamun kusu kamar da, ta ma fi zama gida. Dandaƙar muzuru ta fi sauƙi da araha, tana rage faɗa da yawo, amma ba ta tsare macen, tun da muzuran maƙwabta suna nan. Ko ɗaya daga cikin biyun ba aikin mai dandaƙar bunsuru ba ne, ba kuma na wanzami ba.

Masu tambaya ta fuskar addini suna da abin dubawa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malaman Adar da Gobir, ta halatta dandaƙar tumaki saboda amfanin da ke ciki, ta kuma kawo hani game da dawaki. A kan mussa malaman zamani sun yi saɓani, da yawansu sun yarda idan akwai cutar da ake gudu kuma ba a azabtar da dabbar ba. Wanda bai natsu ba sai ya tambayi malamin garinsu. Abin da babu saɓani a kansa shi ne hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda mussar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Mai ɗaure ƴaƴan mussa cikin buhu ya jefar a jeji ya kamata ya tuna da shi.

Matsalar ita ce, aikin fiɗar ya fi samuwa a manyan birane kamar Yamai. A karkara ƙarfin ma'aikatar kiwo yana kan shanu da tumaki da awaki da raƙuma, kuma da hujja, domin su ne dukiyar talaka. Tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu na kusa da makiyaya, wanda aka fara a Dakwaro a 2003, shi ma don bisashen kiwo aka kafa shi. Amma likitan da ya fito daga makarantar Dakar, wadda ƙasashen Afirka suka kafa tare a 1968, ya koyi wannan aiki. Abin da yake rasa shi ne kayan sa barci, da zaren ɗinki, da mutanen da za su nema. Nan ne magajin gari da hakimai da shugabannin ma'aikatar kiwo na Madawa da Buza da Keita suke da abin yi. Ranar 28 ga Satumba, da aka keɓe don yaƙi da haukar kare, tana iya zama ranar da ake kawo karnuka da mussoshi wuri ɗaya a yi musu allura, a rubuta sunayen masu son fiɗa, domin likita ya zo sau ɗaya ya yi wa goma maimakon mutum guda ya ɗauki mussa cikin kwando zuwa birni.

Kafin wannan ya samu, mai mussa yana da dabarar da ba ta cin ko dala. Ya riƙa rubuta ranar da kukan ya fara da ranar da ya ƙare, a takarda ko a bangon ɗaki. Bayan karo 2 ko 3 zai san lokacin da zai dawo. Idan ya zo, a shigar da ita ɗaki mai iska wanda tagarsa take da waya, a ajiye mata abinci da ruwa da kaskon rairayi, har sai kwana 2 bayan kukan ya tsaya. Ba dukanta za a yi ba, ba kuma za a watsa mata ruwa ba, domin ba da gangan take yi ba. Tsarewar ba ta kawar da haɗarin mahaifa da na nono, amma tana ba jikinta hutu, musamman ƙaramar da ba ta cika shekara ba da wadda ta yaye kwanan nan. In kuwa ciki ya riga ya shiga, a ƙidaya mako 9 daga ranar, a fara neman gidajen da suke son mai gadin rumbu tun kafin haihuwa. Ƴaƴan su zauna da uwarsu aƙalla mako 8 kafin a raba su, kuma duk wanda ya karɓi mace a gaya masa watan da aka haife ta, domin ya san cewa kafin wata 6 ita ma tana iya fara nata kukan.